ZAƁEN LITTAFI GA ƊAN KOLEJ DA NAUYIN DA KE KAN IYAYE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali, Ya kuma hore masa harshe da alƙalami. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaran da suka gama firamare suka shiga kolej, watau masu shekara goma sha biyu zuwa goma sha shida, waɗanda ke cikin azuzuwan nan huɗu tun daga siziyam har zuwa ajin da ake zana jarrabawar BEPC. Muna son mu duba abu biyu: wane littafi ya kamata uba ya sa a hannun ɗansa a waɗannan shekaru, kuma ta wace hanya zai sa yaron ya karanta shi da son ransa. Mun zaɓi wannan batu ne domin da yawa daga cikinmu, a nan Maradi da Tibiri da Jiratawa, mun ɗauka da zarar an saya wa yaro kaye da biro da tufafin makaranta an sauke nauyi. Alhali kuwa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya kwatanta magidanci da makiyayi wanda za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo. Makiyayi kuwa ba ya sakin dabbobi ya koma gida bai san irin ciyawar da suke ci ba.

INDA MATSALAR TAKE

Akwai bambanci mai girma tsakanin haɗa baƙi da fahimtar abin da aka karanta. Yaro yana iya ɗaukar littafin Faransanci ya karanta shafi guda da murya mai daɗi, ba tuntuɓe, amma idan ka rufe littafin ka ce ya gaya maka da Hausa abin da shafin ya ce, sai ya sunkuyar da kai. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a makarantunmu, kuma tana ɓuya ga iyaye domin kunne yana jin karatu yana tafiya.

An auna wannan abu. Binciken PASEC, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a ƙasarmu Nijar, cikin yara goma da ke ajin ƙarshe na firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matsayin da ake bukata a fahimtar karatu. Da aka sake binciken a 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. Ma'anar wannan ita ce, yawancin yaran da ke shiga kolej suna shiga ne da ƙafa guda.

To, a kolej kuwa komai ya sauya. A firamare malami ɗaya ne ke riƙe da aji, ya san kowane yaro da sunansa da rauninsa. A siziyam kowane fanni da malaminsa, kowa ya shigo ya yi sa'arsa ya fita. Tarihi da labarin ƙasa da kimiyya da lissafi duk da Faransanci ake ba da su, ga kuma Ingilishi da ake farawa. Yaron da bai fahimci tambayar lissafi ba ba zai iya amsa ta ba, ko da kuwa kansa yana ja a ƙidaya. Sai ya faɗi, ya maimaita aji, ya sake faɗuwa, daga nan a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, a tura shi kasuwa ko tasha, idan mace ce a zaunar da ita gida. Haƙiƙa sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau. Abin da ya rasa shi ne sabo da littafi, sabo kuwa ba ya samuwa a cikin aji mai ɗalibai masu yawa da littafi kaɗan. A gida ake samunsa.

ABIN DA MUKA GADA DAGA MAGABATA

Kowa ya san ayoyin da aka fara saukarwa daga Alƙur'ani Mai girma, a farkon Suratul Alaƙ, umurni ne da karatu, kuma an ambaci alƙalami a cikinsu. Malaman tarihi sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta biyu bayan hijira, waɗansu daga cikin kamammun Ƙuraishawa da ba su da dukiyar fansa an karɓi fansarsu da koya wa yaran Madina rubutu. Ku duba wannan da kyau: malaman nan ba Musulmi ba ne a lokacin, amma hakan bai hana a zaunar da ƴaƴan Ansaru a gabansu ba, saboda girman bukatar.

Mafi kusa da batunmu shi ne labarin Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi. Yana ɗan kimanin shekara goma sha ɗaya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina. Ba a daɗe ba aka umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta wasiƙunsu yana ba da amsa, ya kuwa koye shi cikin kimanin rabin wata. Wannan yaro, wanda tsaran ƴaƴanmu na kolej ne a lokacin, shi ne daga baya Halifa Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Saboda haka babu hujja ga mai cewa karanta littafi da wani harshe yana rage wa yaro addini. Abin dubawa shi ne me ke cikin littafin, kuma wa ke tsaye a kan yaron.

A ƙasar Hausa ma mun gaji hanya mai kyau a makarantun zaure. Malam ya biya wa ɗalibi ƴan layuka na Ahalari ko Ishmawi, ya fassara masa, gobe ɗalibi ya dawo ya maimaita, ba a ƙara masa sai an tabbata ya riƙe na jiya. Ba a ba mafari Risala, balle Muhtasar. Ƙa'idoji biyu ke nan da kakanninmu suka sani: littafi daidai da ƙarfin ɗalibi, da kuma sauraron ɗalibi yana mayar da abin da ya karanta. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, waɗannan ƙa'idoji biyu ne muka ɗauko muka kai ɗakin ɗan boko.

HARSUNA UKU, KOWANE DA RABONSA

Ɗan kolej a ƙasarmu yana tsaye ne tsakanin Hausa da Faransanci da Larabci. Uba mai lura zai so a sami littafin kowane ɗaya a gidansa, ko da guda guda ne.

Na farko Hausa. Waɗansu iyaye suna ganin littafin Hausa ɓata lokaci ne tunda ba da shi ake jarrabawa ba. Wannan kuskure ne. Yaron da ya ɗanɗana daɗin labari da harshen da ya tashi da shi, ya saba da zama shi kaɗai da littafi har ya kai ƙarshensa, wannan sabo yana bin sa zuwa kowane harshe. Dalilin da ya sa ke nan tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara koyarwa da Hausa. A watan Maris na 2025 kuma kundin da hukumomin ƙasa suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Abin kunya ne yaro ya gama kolej bai iya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa da Hausa ba.

Littattafan da za a fara da su sanannu ne. Akwai Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatunsa a nan kusa da mu a Katsina. Littafi uku ne da suka fito tsakanin 1937 da 1939, kuma na farkon ya fi dacewa da mafari, domin gajerun labarai ne da aku ke ba ɗan sarki don ya hana shi fita, ana iya gama ɗaya a zama guda. Akwai Ruwan Bagaja nasa, wanda ya fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, mai cike da ban dariya. Daga wannan gasa kuma aka sami Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka bautar aka ƙetara da shi hamada, har ya zama malami. Wannan ya fi dacewa da waɗanda suka ɗan tasa.

Sai dai a lura da abu guda. Yaron da ya koyi haruffa da Faransanci zai yi tuntuɓe a kwanakin farko, domin ya saba ganin Djiratawa da Goulbi da Madarounfa, ga shi yanzu an rubuta Jiratawa da Gulbi da Madarumfa, ga kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ. Kada a yi masa dariya. A nuna masa su sau ɗaya, ya riƙa karantawa da ƙarfi, cikin ƴan kwanaki bakinsa zai faɗa.

Na biyu Faransanci, wanda da shi ake darasi da jarrabawa. A nan sai a fara da tatsuniyoyi da gajerun labarai masu hoto, ko da an rubuta su ne don ƴan firamare, domin babu abin kunya a komawa baya don a gyara tushe. Marigayi Boubou Hama ya tattara tatsuniyoyi da labarun ƙasarmu a cikin Contes et légendes du Niger, kuma yaro zai tarar da abubuwan da ya taɓa ji daga bakin kakarsa, wannan kuwa yana sauƙaƙa masa baƙin kalmomi. Idan ya ƙara ƙarfi sai a ba shi L'Enfant noir na Camara Laye, wanda ya fito a 1953, labarin ƙuruciyar ɗan maƙeri a ƙasar Gine. Ga ƴan azuzuwan ƙarshe akwai Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, a kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Yana da kyau yaro ya san cewa wannan runduna da ta ƙone garuruwa masu yawa a nan jiharmu, a wajen Maijirgi kusa da Tasawa aka kashe shugabanninta biyu. A cikin waɗannan littattafai akwai ambaton tsafi da al'adun gargajiya. Wannan ba dalilin ɓoye su ba ne ga yaron da ya yi hankali. Dalili ne na uba ko yaya ya zauna da shi ya bambance masa tsakanin sanin abin da ya faru a tarihi da yin imani da shi. Sannan a yi ƙoƙari a sami ƙamus ƙarami a gida, wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya.

Na uku Larabci da littattafan addini. Ban da karatun Alƙur'ani da ba a fasa shi, ya kamata yaro ya mallaki Ahalari da Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi masu fassarar Hausa, da ƙaramin littafi na tarihin Annabi da sahabbai. Akwai fassarar ma'anonin Alƙur'ani da Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da ta Shaihu Nasiru Kabara, waɗanda ɗan kolej zai iya duba ma'anar surorin da yake salla da su. Ga masu karatu a makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda asalinsu a ƙasarmu ya faro daga madarasar Sayi a 1957, littafin ƙissoshin Annabawa da Shaihu Abul Hasan Annadawi na ƙasar Indiya ya rubuta don yara yana da Larabci mai sauƙi da ke ƙaruwa sannu sannu. A nemi shawarar malamin da aka amince da shi kafin a sayi littafin addini wanda ba a san mawallafinsa ba.

YADDA AKE AUNA LITTAFI KAFIN A BIYA KUƊI

Mu ɗauki misalin uban da ya sayar da amfanin gona ya shigo babbar kasuwar Maradi, ya ga wani ƙaton littafin Faransanci mai bango mai ƙyalli, ya saya da tsada don ƙaunar ɗansa. Yaro ya buɗe shafin farko ya ga duhu, ya rufe, littafi ya koma ƙarƙashin katifa. Uba ya yi fushi ya rantse ba zai ƙara saya ba. Kuɗi sun tafi, kuma yaro ya ƙara tabbatar wa kansa cewa shi ba mai karatu ba ne. Don kauce wa irin wannan, ga sharuɗɗa biyar:

1. A tafi da yaron. Ba a ɗinka wa mutum riga ba a auna shi ba. A ba shi dama ya zaɓa tsakanin littattafai biyu ko uku da uba ya yarda da su, domin abin da ya zaɓa da hannunsa ya fi saurin karanta shi.

2. A gwada shi a nan take. Ya buɗe tsakiyar littafin ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa. Idan yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a bana, a bar shi sai baɗi. Idan kalma biyu ko uku ce kawai, to shi ne daidai.

3. Ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. Wannan gwaji ko uban da bai taɓa shiga lakwal ba yana iya yinsa, kuma ya fi kowane gwaji gaskiya.

4. A san abin da ke ciki. A tambayi malamin Faransancin yaron, ko wani ɗalibin Lise Ɗan Baskore ko na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke unguwa. A guji abin da ke ƙawata alfasha, ko raina iyaye, ko zagin wata ƙabila, ko kafirta Musulmi, ko kiran yara zuwa tashin hankali da sunan addini.

5. A duba lafiyar littafin. Da yawa daga cikin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin hanya tsofaffi ne, wannan ba aibi ba ne, har ma sun fi araha. Amma a ƙirga shafuka, kada yaro ya kai tsakiyar labari ya tarar an yage ƙarshen.

A bi kuma abin da zuciyar yaro ke so. Wani labarin yaƙi da jarumai yake so, wani dabbobi, wani injuna da taurari. Mai son tarihi a fara masa da na ƙofar gidansa: yadda Katsinawa suka kafu a Maradi a farkon ƙarni na 19, yadda Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da yadda ambaliyar Gulbi ta 1945 ta ci tsohon gari har aka hau tudu aka sake gini. Baƙi sun rubuta littattafai a kanmu, kamar wanda Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 a kan Alhazan Maradi da kasuwancinsu. Bai kamata jikokin Alhazan su zama su ne ba su san labarin ba.

LITTATTAFAN SOYAYYA DA WAYAR HANNU

Tun wajen shekarun 1980 ƙananan littattafan Hausa da ake bugawa a Kano suke shigowa garinmu ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. A yau yawancin irin waɗannan labarai sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp da Facebook, ba bango, ba sunan maɗaba'a, wani lokaci ba a ma san marubucin ba. Adalci shi ne a ce ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai masu wa'azi a kan zaluncin miji da auren dole da riƙon maraya, kuma mata da yawa da su suka koyi karatun Hausa. Akwai kuma waɗanda aka rubuta don ma'aurata, da waɗanda batsa ce tsagwaronta, ba su dace da kowa ba balle yarinya ƴar shekara goma sha uku.

Ƙwace da duka ba sa magance wannan, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa. Abin da ya fi shi ne uwa ko babbar ya ta karanta littafin tukuna, in mai kyau ne a ba yarinya, in ba haka ba a gaya mata dalili a musanya mata da wani. Game da waya kuwa, a sa mata lokaci, kuma kada ta kwana a ɗakin yara. Zuciyar da aka hana abu ba a ba ta madadinsa ba, za ta koma gare shi ta bayan gida.

ZAMAN KARATU A GIDA

Sayen littafi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne lokaci da wuri da mai saurare. A ware minti ashirin ko talatin kowace rana, a lokaci ɗaya da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar Isha ko bayan La'asar, ban da lokacin bitar darussan makaranta. A kashe talabijin, manya ma su ajiye waya. Inda wuta ke yankewa ko babu ita, fitila mai aiki da hasken rana ta wadatar, a ajiye ta don wannan aiki.

Ya kai uban da bai yi boko ba, kada ka ce wannan darasi ba naka ba ne. Kai ne ma ka fi kowa iya shi. Ka zauna a tabarma ka ce: “Ɗana, karanta mini, ka fassara mini.” Ka tambaye shi: wane ne ya yi kaza, me ya sa ya yi, kai da kai ne me za ka yi, me kake tsammani zai faru gobe? Yaron da ya san mahaifinsa na jiran ci gaban labari ba zai yi barci bai karanta ba. Kuma duk ranar da ya mayar maka da shafin Faransanci zuwa Hausa, ya yi aikin da ya fi kwafe shafi goma a kaye. Haka uwa za ta iya yi tana tankaɗe ko tana tsinke zogale. A sa shi ya karanta takardar magani, da wasiƙar da ta zo, da rubutun buhun taki, domin ya ga karatunsa yana da amfani a gidan tun yau.

A kiyayi abu uku. Kada a mai da karatu horo, a ce tunda ka yi laifi je ka ɗauki littafi. Kada a yi ta katse shi a kan kowane kuskure, a bari ya kai aya. Kada a gwada shi da ɗan maƙwabci ko ƙanensa a gaban mutane. Idan kuma aka ga yaro yana kai littafi dab da idonsa, ko yana kukan ciwon kai, ko ba ya ganin allo daga bayan aji, a kai shi a duba idonsa kafin a kira shi malalaci.

Sannan yaro ya ga manya suna karatu. Uban da ake gani da Alƙur'ani ko wani littafi bayan Asuba ya yi wa ɗansa wa'azin da ya fi na baki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

WAƊANDA AKA FI MANTAWA DA SU

Na farko ƴaƴa mata. Yarinya ta dawo daga kolej, ga ɗiban ruwa, ga wanke-wanke, ga reno, wata ma ga talla, ɗan'uwanta namiji kuwa yana hutawa. In dare ya yi barci ya kwashe ta a kan littafi. A raba aikin gida da adalci, a ba ta nata lokacin cikakke. Mu tuna da Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara mata masu bi ƙauye ƙauye suna karantar da ƴan'uwansu. Uwa mai karatu ita ce makarantar farko ta jikokinku.

Na biyu yaran da aka kawo daga ƙauyuka aka ajiye a hannun dangi a Maradi ko Tibiri don su yi kolej. Amana ce a wuyan mai masauki. Kada a mai da su ƴan aike, a zaunar da su a tabarmar karatu tare da ƴaƴan gida.

Na uku lokacin babban hutu. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba makaranta a rufe take, kuma daidai lokacin ne ake noma. Babu laifi yaro ya taimaki mahaifinsa a gona, haka ma aikin lambu na rani a fadamar Jiratawa da bakin Gulbi, wannan tarbiyya ce. Amma wata uku ba a buɗe littafi ba yana zubar da abin da aka tara. A sa masa littafi biyu ko uku da zai gama kafin Oktoba, ya karanta a inuwa lokacin hutun rana.

ABIN DA JAMA'AR MASALLACI ZA SU IYA YI

Mun san halin da ake ciki, wani magidanci abincin yini ma da ƙyar yake samu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan gida goma da ke salla a masallaci ɗaya, a Bagalam ko Mokoyo ko Zariya, kowane ya sayi littafi ɗaya tak, aka riƙa musanya duk mako biyu, kowane yaro zai karanta littafi goma cikin wata biyar da kuɗin littafi guda. Abin da ake bukata shi ne akwati mai makulli, da kaye da za a riƙa rubuta sunan mai aro da ranar mayarwa, da saurayi ɗaya amintacce da zai buɗe akwatin sau ɗaya a mako. A shirya wa mata nasu a makarantar Islamiyya. Waɗanda ƴaƴansu suka gama makaranta su fito da littattafan da gara ke ci a ɗaka. Masu hali kuma su sani cewa waƙafin littafi mai amfani yana cikin sadaka mai gudana.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, ga abin da muke roƙon kowane magidanci ya yi kafin Juma'a mai zuwa. Ya kira ɗansa ko ƴarsa da ke kolej, ya sa ya karanta masa shafi ɗaya daga littafin makaranta, ya rufe, ya faɗi ma'anarsa da Hausa. In ya iya, a gode wa Allah a nemo masa littafin da zai ƙara masa. In ya kasa, kada a yi faɗa, an gano ciwon ke nan tun da sauran lokaci, sai a koma ga mai sauƙi a fara daga nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani da aiki da shi, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, muna neman gafararSa.